Turke Ɗaya Gare Mu

A bayan zauren gidanmu da ke unguwar Gobarau akwai wani turke na itacen ƙirya da ya girme mu duka. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba a ɗaure masa komai ba sai ragon layya, tun da dokin Baffa na ƙarshe ya mutu. Mu shida ne samarin gidan, 'ya'yan wa da ƙane, kuma Baffa shi kaɗai ya rage mana cikin iyaye maza. Sai muka shiga adashe a tsakaninmu don mu mayar da doki kan turken tun tsohon yana da sauran ƙarfin taka likkafa. Cikin wata goma sha huɗu kuɗi ya haɗu. Mun ɗauka tara kuɗin shi ne aikin, ashe gardamar tana gaba: wane irin doki za a sayo?

Autanmu ya riga ya yanke nasa hukuncin tun kafin a zuba zubin farko. Ɗan Sudan yake so, dogo, mai siraran ƙafafu, dokin sukuwa wanda aka haifa don ya yi gudu ba don komai ba. Kuma ba surutun yara yake yi ba. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake bin bargar mutane, yana wanke masu dawaki, yana fita da su kilisa, har masu dawakin suka fara ɗora shi a ranar gasa. Duk wanda ya gan shi a kan sirdi ya san Allah ya ba shi. Mu sauran biyar kuwa dokin ƙasa muke so, matsakaici, mai sanyin kai: a yi hawan sallah da shi, a ba da shi hayar hawan angwanci ya ci da kansa, yara su koyi riƙon linzami a kansa, Baffa ya hau ba tare da gabanmu yana faɗuwa ba. Dokin da ba zai taɓa zuwa na ɗaya a komai ba, amma ba za a taɓa cewa yau ba ranarsa ba ce.

Biyar da ɗaya, ai magana ta ƙare, in dai ƙuri'a ce. Amma mun yi wata uku ba mu je kasuwa ba, domin kowa a cikinmu ya ji a ransa cewa yawan hannu bai isa ya raba wannan gardama ba.

Biyu daga cikinmu rubuta manhajar kwamfuta ce sana'armu, kuma mu ne muka fi kowa zaƙewa wajen kare dokin ƙasa, saboda muna ganin karatunmu ya riga ya ba mu amsa. A 1936 wani Baturen Ingila, Alan Turing, ya zayyana a takarda wata na'ura wadda ba ta da aikin kanta, sai dai duk na'urar da aka kwatanta mata yadda take aiki, za ta iya kwaikwayonta. Wayar da kuke karanta wannan rubutu a kanta jikanyar wannan tunani ce. Ku tuna abubuwan da ta kora daga aljihunanmu da ɗakunanmu: tocila, rediyo, agogo, kalkuleta, kyamara, kaset. Kowannensu gwani ne a fanninsa, kuma har gobe kyamarar mai ɗaukar hoton biki ta fi ta waya. Duk da haka mai yin komai-da-komai ta cinye su, don ita ce ke tare da mutum a lokacin da buƙata ta taso ba shiri.

Muna da wani misalin da ya fi wannan zafi. A 2013 aka fara sayar da wasu na'urori da aka ƙera don haƙar Bitcoin kaɗai. Lissafi iri ɗaya tak suka iya, amma suna yin sa da saurin da kwamfutar gida ba ta ko hango ƙurarsu. Nan da nan suka kori kowa daga filin. Wannan nasarar gwani ce, babu musu. Sai dai a ranar 15 ga Satumba 2022, Ethereum, wanda ke bi wa Bitcoin a girma, ya sauya tsarinsa ya daina amfani da haƙa gaba ɗaya. Waɗanda suke haƙarsa da katin hoto na kwamfuta sun samu masu saye, domin masu wasannin bidiyo da masu tace fim suna buƙatar irinsa. Waɗanda suka zuba dukiyarsu a na'urar da aka ƙera don wannan haƙa kawai, sai suka wayi gari babbar kasuwarsu ta tashi, suna neman ƙananan kuɗaɗen da za su raɓa. Muka ce wa Auta, dokin sukuwa ke nan. Gwani caca yake yi cewa gobe za ta yi kama da yau. In gasa ta tsaya, in ƙafa ta targaɗe, in kai kanka ka samu aiki a Abuja, me za mu yi da dokin da yaro ba ya iya kusanta?

Auta bai san Turing ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da ya ce shi ne: "Yaya, duka abin da kuka lissafa ranar da abu zai lalace ne. Ba ku faɗi komai ba kan ranar da zai yi kyau."

Mun yi dariya a lokacin. Daga baya maganar ta hana mu barci, domin akwai wani darasi a cikin karatun namu da muka tsallake da gangan. A 1997 wasu masana biyu, David Wolpert da William Macready, suka tabbatar da lissafi cewa in aka jera duk matsalolin da za su iya kasancewa, aka gwada dabarun neman mafita a kansu baki ɗaya, babu dabarar da za ta fi wata a jimlace. Wadda ta yi fice a wani rukuni ta biya da faɗuwa a wani rukunin. Ma'ana, babu wani abu wai shi mai dacewa da komai. Abin da muke kira mai yin komai, gwani ne shi ma, sai dai gwanintarsa a kan ranakun da muka saba da su take. Dokin ƙasar da muke yabo ba dokin duniya ba ne, dokin Katsina ne. Ya ƙware a zafin bazara, ya ƙware a harawa da dusa da ɗan kanwa, ya ƙware a lungun da babur biyu ba sa wucewa tare, ya ƙware wajen tsayuwa cik a Ƙofar Soro lokacin da 'yan bindiga suka saki wuta, algaita na tashi, jama'a na turereniya. Kai shi ƙasar ƙanƙara ka gani ko zai yi komai. Ashe mu ma caca muke yi. Cacarmu ita ce talatar bana za ta yi kama da talatar bara. Kuma ba kullum ake cin wannan cacar ba: a 2020 annobar korona ta sa an soke hawan sallah, akwai kuma shekarun da masarauta ta soke shi saboda matsalar tsaro. A irin waɗannan shekaru dokin hawan ma zaman turke ya yi.

Da muka gane haka, sai tambayar ta sauya kama. Ta tashi daga wanne ya fi, ta koma: ranakun wa za mu saya wa doki?

Ɗayanmu da ya yi shekara biyu yana aiki a Legas ya kawo wani labari da ya ƙara buɗe mana ido. A Tarkwa Bay, wani bakin teku da sai da jirgin ruwa ake zuwa, akwai samari da ke hawa taguwar ruwa a tsaye kan allo. Cikin allunan wannan wasa akwai dogo, mai kamar ƙafa tara ko fiye, kuma shi ma iri-iri ne. Wani an yi shi da faɗi da nauyi, an ɗan ƙwaƙule ƙasan goshinsa, don mahayi ya taka a hankali har can bakin allon ya tsaya da yatsun ƙafa a waje, kamar mai tsayuwa a kan ruwa. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma sai ranar da taguwar ta zo ƙarama, a jere, ba gaggawa. In teku ya tashi da fushi, wannan allon nauyi yake zamar wa mai shi, ba ya juyuwa. Wani kuwa an rage masa kauri da nauyi, yana juyawa, yana yin daidai gwargwado a kusan kowane yanayi, sai dai tsayuwar bakin allon ba ta daɗewa a kansa. Mai hali ba ya wahalar zaɓi. Yana da uku ko huɗu a jingine, da safe zai leƙa tekun sannan ya ɗauki wanda ya dace. Wanda allo ɗaya gare shi, shi ne aka tilasta wa ya zaɓa tun bai ga tekun ba.

Ba sai mun je Legas ba ma, misalin yana nan Filin Folo. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon doki a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya kai matsayin da har yau ake ambatonsa cikin manyan 'yan wasan da Afirka ta fitar. A wannan wasa mutum huɗu ne a kowane ɓangare, zango ɗaya minti bakwai ne, kuma ana sauya doki tsakanin zango da zango don babu dabbar da za ta jure wannan gudu da birki da juyi a jere. Dokin folo gwani ne na ƙarshe. Amma ku lura, ba a taɓa ganinsa shi kaɗai. A bayansa akwai barga, akwai masu yankan ciyawa, akwai likitan dabbobi, akwai wasu dawakin da ke jiran nasu zangon, akwai kuma dokin da za a hau ranar sallah wanda ba shi ba ne. Gwaninta ba ta tsayuwa da ƙafarta. Duk inda kuka ga gwani, ku duba bayansa za ku ga waɗanda suka ɗauke masa sauran ayyukan duniya.

Magabata sun daɗe da lura da wannan. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya nuna cewa sana'o'i ba sa kai wa ga kamala sai birni ya cika ya bunƙasa. Adam Smith a 1776 ya ce rabon aiki iyakarsa girman kasuwa. Tsofaffin biranenmu ma shaida ne, da unguwanninsu na marina da maƙera da majema: marini ya iya ƙare rayuwarsa a bakin karofi ne saboda ya san akwai mai noma masa gero, akwai mai ƙera masa wuƙa. Malamanmu kuma suna da babin farillar da in wasu suka tsaya mata ta sauka a kan saura. Gari yana buƙatar likitan ido, amma ba a ce kowa ya zama shi ba. Wani ya duƙufa, saura su riƙe masa gida.

A nan ne maganar ta fara yi mana ɗaci, domin ta juyo kanmu. In gwani sai da masu riƙe masa gida, to Auta bai roƙe mu doki kawai ba. Ya roƙe mu mu zama bargarsa. Mu biyar mu haƙura da ɗan abin da kowannenmu zai samu, don mutum ɗaya ya samu abu cikakke. Dokin ƙasa zai ba kowa kaɗan-kaɗan: wannan hoto ranar sallah, wancan kuɗin haya, yara kilisar yamma. Babu wanda rayuwarsa za ta sauya in bai samu ba. Shi kuwa Auta, abin da ke gabansa ba kaɗan ba ne. Mahayin da ke hawa dokin wani, sunan mai doki ake kira in an ci, kuma ranar da mai doki ya ga dama zai sauke shi ya ɗora ɗan'uwansa. Ta yaya ake auna ƙaramin amfanin mutum biyar da babban rabon mutum ɗaya? In aka tara aka raba, mu ne da gaskiya. Amma da haka kowane gida yake lissafi, da ba a taɓa tura yaro ɗaya karatun likita an bar saura a gona ba, da kuma garin nan bai fitar da gwani ko ɗaya ba.

Mu masu manhaja kuma sai da muka tambayi kanmu ko hikima ce ke magana a bakinmu ko tsoro. A Katsina mai rubuta manhaja ba ya rubuta manhaja kawai. Yau shafin intanet na makaranta, gobe na'urar buga takarda ta ƙi aiki, jibi a kira ka saka kyamarar tsaro, wani ma ya miƙo maka waya a wurin ɗaurin aure ka dawo masa da WhatsApp ɗinsa. Mun zama dawakin ƙasa, kuma da haka muke ci. Abokan karatunmu da suka zaɓi fanni ɗaya suka nutse a cikinsa, wasu sun yi shekaru suna shan wuya kafin kasuwar nesa ta gano su, wasu kuma fannin ya mutu a hannunsu, kamar waɗanda suka ƙware a Flash kafin a rufe shi a ƙarshen 2020. Muna yawan ba da labarin waɗannan na biyun. Na farkon ba mu cika ambatonsu ba, kuma mun san dalili. Akwai wani irin "ina iya komai" wanda asalinsa ƙin yarda ne a gwada mutum a abu ɗaya a ga iyakarsa.

Hasumiyar da unguwarmu ta ci sunanta tana kallon duk wannan gardama ta saman katanga. Ginin ƙasa ne mai tsawon kusan mita 15, wanda tarihin gari ke danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau, shekaru fiye da ɗari biyar. A zamaninta wurin nan masallacin Juma'a ne, makaranta ce da ɗalibai ke zuwa daga nesa, kuma daga samanta ake hango ƙurar mahara. Aiki uku a gini ɗaya. Da farko mun so mu kafa hujja da ita, mu ce ga mai yin komai ta daɗe. Sai Baffa ya tuna mana cewa ayyukan nan uku babu wanda ya rage a hannunta. Juma'a ta koma wani masallacin tun farkon ƙarni na 19, karatu ya bazu zuwa zauruka da makarantu har aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, tsaron gari kuwa ya daɗe da barin hannun mai leƙe daga sama. Da gari ya girma, kowane aiki ya samu gwaninsa, aka bar ta da masu zuwa ɗaukar hoto. Hujjar ba ta zama tamu ba, ba ta kuma zama ta Auta ba, don masallacin da ya karɓi Juma'ar daga hannunta ma an rushe shi an sake wani, ita kuwa tana nan.

Wanda ya raba gardamar a ƙarshe bai shiga adashen ba, kuma ba ya magana. Wata rana bayan la'asar Baffa ya sa aka fito masa da kujera kusa da turken, ya kira Auta.

"Auta, auna mani nan zuwa bango."

Ya auna da ƙafa. Taki bakwai.

"Ɗan Sudan ɗin naka nan zai kwana?"

"Nan zai kwana, Baffa. Kullum da asuba zan fita da shi."

"Ranar da kake zazzaɓi fa? Cikin yayyenka wa zai iya kama mashi ragama? In damina ta sauka, ƙwarin nan masu kawo ciwon dawaki suka taso, baƙon doki suke fara kayarwa, ka sani. Kana da kuɗin likita, ko sai an sake adashe?"

Auta ya yi shiru.

"Ban ce ba ka iya ba. Ka fi ni hawa, ka fi ubanka. Amma dabba amana ce. Wanda aka halitta don gudu, in ka ɗaure shi a taki bakwai, kai za a tambaya."

Duk tsawon wata ukun nan muna ta lissafin haƙƙin mutum biyar da na mutum ɗaya, babu wanda ya sa dokin kansa a cikin lissafin. Gwani yana da abin da yake bin masu shi: fili, abinci na musamman, hannun da ya san shi, kuɗin ranar ciwo. Wanda ya ɗauko gwani alhali ba shi da bargar riƙe shi, bai girmama gwaninta ba, ya dai sayo wa kansa abin nunawa, dabbar kuma ta biya. Wannan hujja ita kaɗai ce Auta bai samu amsarta ba, mu ma kuma ba mu ji daɗin cin nasara da ita ba, don ba tamu ba ce. Ba ta ce burinsa kuskure ne ba. Cewa ta yi gidanmu bai kai ba.

Muka tafi kasuwar Mai'aduwa mu huɗu da Baffa. Ya buɗe bakin dawaki sun fi goma yana duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa aka zagaya da su, ya tafa hannu a kusa da kunnen kowanne don ya ga mai firgita. Muka dawo da wani hurde ɗan shekara biyar, wanda ko da mota ta yi masa ham a bakin kasuwa kunne kawai ya kaɗa. Auta bai bi mu ba. Bai kuma nemi a mayar masa da zubinsa ba, ko da yake mun yi masa tayi har sau biyu.

Yanzu wata bakwai ke nan. An yi hawan sallah da hurden, Baffa ya hau shi daga ƙofar gida zuwa bakin titi ya dawo, yara uku sun koyi zama a sirdi. Kuɗin hayar angwanci yana sayen harawa, wani watan har da ragowa. Duk abin da muka lissafa ya tabbata. Kuma duk asuba Auta ne ke kwance shi ya fita da shi, don babu wanda ya kai shi sanin doki, dokin ma shi ya fi yarda da shi. Ran nan ya fita da shi ta Ƙofar Guga, ya samu fili ya sakar masa linzami, ya auna gudun da agogon waya. Da ya dawo muka tambaye shi yaya, ya ce, "Yana da zuciya." Bai faɗi lokacin ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A satin da ya wuce muka ji ya shiga wani sabon adashe da abokansa na barga, su tara, kuma sun fara neman hayar fili a bayan gari inda za a iya kafa rumfa da turke. Ya zo ya gaya wa Baffa da kansa, a tsugune. Tsohon ya daɗe yana kallon hurden yana tauna dusa, sannan ya tambaye shi nawa ne zubin. Auta ya faɗa. Baffa ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu biyar, bai ce komai ba. Zubin farko ranar Juma'a ne, kuma har yanzu ba mu gama shawarar ko hannu ɗaya za mu ɗauka a tsakaninmu ko biyu ba.